Tsohuwar na'urar rubidiyom: wace amfilifaya za a taɓa, wace za a ƙyale?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya kan HP 5065A, agogon atom na rubidiyom mai ba da tsayayyen firikwensi don awo, kamar haka: "Na samu tsohuwar HP 5065A da ta yi shekaru a ajiye. Tana kullewa, amma allurar hamonik na biyu ta yi ƙasa sosai, siginar 5 MHz da ke fita ma ba ta kai abin da littafin na'urar ya ce ba. Ina so in cire tsofaffin taransistoci da of-amf in zuba na zamani masu ƙarancin hayaniya. Daga ina zan fara?"

Ɗan'uwa, fara da cire ƙarfen dalma daga wuta. Alamu biyun da ka ambata ba lalle ciwo ɗaya ne ya haife su ba, kuma ta farkon, a mafi yawan lokuta, ba ruwan amfilifaya da ita. In ka hau sauya kaya yanzu, an bar jaki ana dukan taiki ke nan, kuma ka rasa hanyar gane abin da ya gyaru da abin da hannunka ya ɓata.

Bari in tuna maka yadda abin yake aiki, don a nan amsar take. Siginar da kake ɗauka a bakin fita ba daga rubidiyom take zuwa ba, daga osiletar kiristal ce da ke zaune cikin ɗan tanderunta. Aikin rubidiyom shi ne ya riƙa ja wa kiristal ɗin linzami. Ana ninka 5 MHz sau 12 ta zama 60 MHz, a sake ninka ta sau 114 ta kai 6840 MHz, a debe kimanin 5.315 MHz da sintesaiza ke bayarwa, sai a sauka kan 6834.68 MHz, inda ƙwayoyin rubidiyom 87 ke amsawa. Fitila tana haska kwalbar tururin, fotosel yana ɗaukar hasken da ya ratsa. Idan firikwensi ya dace da ƙwayoyin, hasken yakan ragu da ɗan mitsitsi. Don a san ta wane gefe aka karkace, ana kaɗa siginar gaba da baya sau 137 a daƙiƙa. In kana tsakiya daidai, 137 Hz ta ɓace a fotosel, sai 274 Hz ta rage, wato hamonik na biyun da allurarka ke nunawa. Ka kauce hagu ko dama, 137 Hz ta dawo, takunta kuma, wato lokacin hawa da saukar igiyarta in an gwama da ta asali, ya faɗa maka gefen da ka kauce. Lambar 137 ma ba haka kawai aka tsince ta ba, ta kauce wa ninkin 50 da na 60 na wutar gida.

To, a wannan zagayen akwai amfilifaya iri uku, kuma kowace da maƙiyinta. Akwai wadda ke ɗaga ƙanƙanuwar siginar fotosel, fanel A7. Akwai intigireta mai tara kuskure ta mayar da shi boltejin da ke juya kiristal, fanel A9. Sai bafa mai fitar da 5 MHz waje, fanel A13. Maƙiyin ta farko hayaniya ne. Maƙiyin ta biyu zamewar sifili, wato boltejin ƙarya da ke tafiya da kansa. Maƙiyin ta uku rawar taku da duk abin da zai kutso ta baya daga waje. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya, shi ya sa maganar "a zuba na zamani" ba ta da ma'ana sai an ce a ina, kuma don maganin me.

Mu koma kan allurar da ta yi ƙasa. Na'urar da ta daɗe a kashe, rubidiyom ɗinta yakan daskare ya kwanta inda bai kamata ba cikin kwalba, har ya tare haske. Littafin gyaran ya san da wannan, ya kuma ba da hanyar kora shi ya koma mazauninsa, aikin da ke cin kwanaki, wani lokaci makonni, na'urar tana kunne. Bayan wannan, fitila tana tsufa. Zafin tanderun fitila ko na kwalba yana iya zamewa saboda resista ɗaya ta sauya daraja. Ƙarfin siginar 60 MHz da ke shiga diyod mai ninkawa yana iya raguwa saboda saiti ya goce. Duk waɗannan suna saukar da allura alhali A7 lafiyarta ƙalau. Hanyar wanke ta daga zargi mai sauƙi ce: cire wayar fotosel, ka tura mata sigina sananniya ta 274 Hz ta cikin babbar resista, a ce megaom 1, ka auna abin da ya fito, ka sake da 137 Hz. In ƙarin, wato yawan ɗaga siginar da ta yi, ya yi daidai da na littafi, ka bar ta. Abin da ba na so ka yi shi ne ka murɗa saitin ƙari har allura ta hau inda ido ke so. Allura za ta hau, hayaniya ma ta hau tare da ita, ciwon kuma yana nan kwance.

Kafin ma wannan gwajin, wutar da ke ciyar da fanel-fanel ɗin ita ce farkon abin dubawa, kuma nan ne kaɗai nake yarda a sauya kaya ba tare da dogon tunani ba. Kafasitocin ilektirolitik da suka haura shekara 40 sun bushe ko suna hanyar bushewa. Auna juriyarsu ta ciki, ka kuma ɗora osiloskof kan kowane layin wuta ka nemi igiyar 100 ko 120 Hz. Amma a nan ma da tarko. Wasu tsofaffin regileta sun dogara da 'yar juriyar cikin kafasita don su zauna lafiya, in ka sa musu sabuwa wadda juriyarta ta kusa sifili sai su kama kaɗawa da kansu. Don haka bayan kowane sauyi ka sake duban layin, kada ka tsaya ga abin da mita ta nuna. Resistocin kabon masu launin ƙasa-ƙasa sukan hau sama da darajarsu in sun tsufa, suna kuma ƙara hayaniya idan karent na ratsa su. Waɗanda ke saita bayas da waɗanda ke gadar zafin tanderu su ne abin aunawa, a maye su da na fim ɗin ƙarfe in sun goce. Diyod zena da ta tsufa tana iya tartsatsin hayaniya mai zuwa ta tafi. Sai bakunan fanel da 'yan resistocin saiti, waɗanda sau da yawa datti ne kawai ke damunsu. Yi wa mazaunin saiti alama da fensir kafin ka motsa shi. Na sha ganin na'urar da aka kawo da dogon jerin ƙorafi, aka gama da wutarta da bakunanta, rabin ƙorafin ya tafi.

Yanzu A7. Mutane suna ganin lambar hayaniyar of-amf, wato ƙaramar amfilifayar da aka haɗa cikin ƙwaya ɗaya, a takardar bayani sai hankalinsu ya tashi. LT1028 tana da kimanin nanobolt 0.85 a kowane tushen Hz, AD797 kusan 0.9, lambobi masu daɗin karantawa. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Fotosel karent yake bayarwa, kuma hasken kansa yana da hayaniyarsa ta asali, saboda ilektiron ɗaya-ɗaya suke isowa ba kamar ruwan famfo ba. A ce karent ɗin fotosel mikro'amf 50 ne, lissafi zai ba ka hayaniyar kimanin fiko'amf 4 a kowane tushen Hz. Babu amfilifayar da za ta cire wannan. Kuma waɗancan of-amf masu ƙarancin hayaniyar boltej sun saye ta ne da yawan hayaniyar karent, ta LT1028 tana kusa da fiko'amf 1 a 1 kHz, tana kuma hawa in an gangaro ƙasa. A kan mafari mai babbar juriya, wannan lambar ta biyu ita ke yanke hukunci, ita ce kuma ba kowa ke dubawa ba.

Ga gwajin da zai hutar da kai. Buɗe zagayen kullen, ka auna hayaniyar da ke fitowa daga A7 a kusa da 137 Hz fitila tana kunne, sannan ka sake aunawa babu haske. Hayaniyoyin da ba su da alaƙa da juna ba kai-tsaye ake tara su ba, murabba'insu ake tarawa. Saboda haka in ta duhu kashi ɗaya cikin uku ce ta mai haske, ko da ka samo amfilifayar da ba ta da hayaniya ko ɗis, ribarka ba za ta wuce kashi 6 cikin 100 ba. Wannan bai kai a ɗaga fanel a kansa ba. In kuwa ta duhu ta kusa kamo ta haske, to akwai ciwo, kuma galibi taransista ɗaya ce a matakin farko ta lalace, ko resistar fidbak, ko kafasitar haɗi da ta fara yoyo. Fesa musu iskar sanyaya ɗaya bayan ɗaya kana kallon osiloskof, mai laifin za ta tona kanta. Ka sauya ita kaɗai.

Abu guda da ake mantawa a wannan fanel: duk kafasitar da ka sauya a hanyar sigina tana iya juya takun 137 Hz. Ditekta mai bi-da-taku da ke gaba tana kwatanta wannan siginar da ta asali, in takun ya goce ƙarfin kulle ya ragu. Bayan ka taɓa A7, dole ka sake saitin taku yadda littafi ya tsara. Akwai kuma matatar da ke danne 274 Hz a hanyar 137 Hz, domin a lokacin kulle 274 Hz ta fi 137 Hz girma nesa ba kusa ba, in ba a danne ta ba sai ta cika matakan gaba. Kafasitocin wannan matatar ba a maye su da duk abin da hannu ya kai gare shi. Darajarsu ta zama daidai, jinsinsu kuma wanda zafi ba ya ja.

Intigireta ita ce inda nake ganin sabon kaya yana biyan wahalarsa da gaske. Dalili kuwa, duk wani boltejin ƙarya da ya shigo bayan ditekta, zagayen ba ya iya bambance shi da kuskuren gaskiya. Zai ja kiristal gefe har siginar ƙwayoyin ta soke wannan ƙaryar, sai na'urar ta zauna a kulle, fitilarta kore, amma a gefen tsakiya. In ƙaryar tana tafiya da zafin ɗaki, firikwensinka ma ya bi ta. Kana iya sanin nauyin abin da kanka: buɗe zagaye, ka kautar da kiristal da adadi sananne, ka ga boltej nawa ditekta ta bayar. A ce kaucewar 1×10⁻¹⁰, wato kashi ɗaya cikin biliyan goma na firikwensi, ta ba ka milibolt 100, ke nan kowane milibolt 1 na ƙarya yana daidai da 1×10⁻¹². Daga nan kana da ma'aunin da za ka yanke hukunci da shi. Of-amf irin 741 tana jan karent ɗin shiga na kimanin nano'amf 80, wanda in ya bi ta resistar megaom 1 ya zama milibolt 80. Ana soke wannan da saitin sifili, gaskiya ne, amma ba a soke yadda yake sauyawa da zafi. OP07, wadda ita ma tun shekarun 1970 take, tana jan nano'amf kaɗan ne, zamewarta kuma tana wajen mikrobolt 1 a kowane digiri ko ƙasa da haka. Of-amf masu taransistar FET a bakin shigarsu karent ɗinsu fiko'amf ne, sai dai yana ninkawa duk ƙarin digiri 10, cikin akwatin nan kuwa akwai ɗumi. Masu gyara sifilinsu da kansu sun fi kowa tsayuwa, amma ka lura da abu biyu: da yawansu ba sa ɗaukar wutar da ta wuce bolt 5 ko 6, tsohon fanel kuwa ya fi haka, sannan agogon cikinsu yana iya barin 'yan ƙayoyi a layin da ke zuwa kiristal kai-tsaye. Ni dai na fi natsuwa da of-amf mai tsayayyen sifili ta gargajiya, in ba awo ne ya nuna min bukatar wuce nan ba.

Kafasitar intigiretan ita ma a duba ta. In tana yoyo, ko tana riƙe ragowar caji tana sakinsa a hankali, za ka ga na'urar tana jan ƙafa bayan kowane girgiza. Ta folifirofilin ta wadatar. Mahaɗar da resista da kafasita da ƙafar of-amf suka haɗu kuwa, tsabta take so. Ragowar man dalma ko shatin yatsa a wurin hanyar yoyo ce, mai ƙaruwa ranar da iska ke da laima. Wanke da alkohol, ka bari ya bushe sarai. Kada kuma ka sa soket don sauƙin gwaji ka bar shi a nan. Duk inda ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu, bambancin zafi yana haifar da boltej. Tsakanin tagulla da kobar, ƙarfen da ake yi wa tsofaffin of-amf masu gwangwani ƙafafu da shi, abin yana kai mikrobolt 40 a kowane digiri. Ka ga wannan kaɗai ya shanye duk ribar da ka sayo.

Sai bafa, inda ƙorafinka na biyu yake, inda kuma aka fi yin ɓarna da sunan gyara. Abin da ake tsammani a bakin fita shi ne bolt 1 na rms a kan om 50, wato kimanin bolt 2.8 daga ƙoli zuwa ƙoli a osiloskof, ko +13 dBm. Tabbatar da lodin om 50 na gaskiya ka auna, da kebul mai lafiya. In har yanzu ƙasa take, abin da na fi zargi shi ne da'irar saiti ta kwayil da kafasita ta goce daga ƙolinta, ko kafasitar da ke kewaye resistar emita ta mutu. Ba kasafai taransista ke rage ƙarfi a hankali ba. In za ka juya zuciyar kwayil, da sandar roba za ka juya, kuma a hankali. Ferait ɗin tsohuwa ce, takan manne, sukudireban ƙarfe kuma yana tsaga ta. Za ka ji ɗan "ƙas" a yatsunka, ka ga baƙin gari a bakin ramin, shi ke nan ta maƙale inda take. In ta ƙi motsi, ɗan ɗumama ta da iska mai zafi kafin ka sake gwadawa.

Me ya sa gocewar saiti ta fi raguwar ƙarfi illa? Saboda a wannan sana'ar ba ƙarfi ake saya ba, lokacin da igiyar ke ratsa sifili ake saya. Zagaye ɗaya na 5 MHz nanosakan 200 ne. In takun sigina ya zame da fikosakan 1 cikin daƙiƙa 1, mai aunawa zai ga kuskuren 1×10⁻¹², ko da kiristal ɗin bai motsa ba. Ɗauki da'irar saiti mai Q na 50 (Q shi ne ma'aunin kaifin saitinta), wadda kwayil ɗinta ke sauyawa da kashi 100 cikin miliyan a kowane digiri. Firikwensin saitin zai matsa da rabin haka, takun kuma ya juya da kimanin milirediyan 5, wanda a 5 MHz ya kusa fikosakan 160 a kowane digiri. In na'urar sanyaya ɗaki tana kai zafin sama da ƙasa da digiri 2 cikin minti 10, ka samu kuskuren da ya kai 5×10⁻¹³, daidai da abin da ake tsammanin na'urar gaba ɗaya za ta yi a awon daƙiƙa 100. Kwayil ɗaya ke nan. Shi ya sa kafasitar da ke da'irar saiti ba a maye ta da jinsin seramik na X7R, wadda zafi da boltej da ko ƙwanƙwasa teburi ke sauya ta. C0G ko maika mai kyau ake sawa. In ma tsohuwar an zaɓe ta ne da gangan don ta soke zamewar kwayil, to irinta za ka nema, littafin kayan gyara zai nuna maka.

Game da rawar taku ta kusa da sigina, tun 1968 Donald Halford da abokan aikinsa a hukumar ma'aunai ta Amurka suka nuna cewa hayaniyar taransista ta ƙananan firikwensi tana hawa kan takun siginar rediyo, kuma barin wani yanki na resistar emita ba tare da kafasitar kewaye ba yana rage ta ƙwarai. Wannan darasin har yau shi ne gyara mafi araha. In matakin bafa ba shi da wannan 'yar resistar, kuma akwai rarar ƙari, om 10 zuwa 30 a emita sun fi sabuwar taransista amfani. Hanya ta biyu da hayaniya ke shiga ita ce ta wuta: kafasitans ɗin da ke tsakanin kolekta da bes yana sauyawa da boltejin da ke kansa, don haka duk abin da ke yawo a layin wuta yana zama rawar taku. Tace wutar bafa da kyau, ka ga yadda ƙayoyin 50 ko 60 Hz za su kwanta.

Zan ba ka labarin kuskurena, don na san shi ne kake shirin maimaitawa. Wata tsohuwar osileta na taɓa gyarawa, na ga taransistar bafarta ta zamanin da ce, na cire na sa wata mai iya aiki har gigahaz da dama. Sigina ta fito tsaf a osiloskof, na yi murna. Kwana biyu ina awo, sakamako ya fi na da muni, ban gane dalili ba. Abin da ya tona asirin shi ne mita da na bari maƙale a emita: duk lokacin da na kawo hannu kusa da fanel, ban ma taɓa ba, sai boltej ya motsa da milibolt ɗari da wani abu. Na ɗora yatsa kan gwangwanin, ɗumi fiye da kima. Ashe tana can tana kaɗawa a ɗaruruwan MHz, inda osiloskof ɗina ba ya gani. Dogayen layukan tsohon fanel, waɗanda ba komai ba ne ga tsohuwar taransista, sun zame wa sabuwar da'irar osileta. Resistar om 47 a gindin ƙafar bes, da ƙafa gajeriya iya gajarta, ta kashe kaɗawar. Amma da na auna, ban samu ko dB ɗaya na riba kan ta asali ba. Na mayar da tsohuwar. Garin neman gira na kusa rasa ido. Ga 5 ko 10 MHz, taransista mai matsakaicin sauri da ƙaramar juriyar bes, wadda ke aiki nesa da iyakar karent ɗinta, ita ake so. 2N5109 ta yi suna a wannan aikin, ko 2N3904 ma tana yin abin mamaki in an tsara ta daidai.

Haka nan kada ƙananan amfilifayoyin nan masu ƙafa huɗu, om 50 ciki om 50 waje, su ruɗe ka. Suna da sauƙin haɗawa, amma katangarsu ta baya ba ta wuce ƙarinsu da dB kaɗan ba, bafa kuwa rabin aikinta katanga ne. In wani ya cire kebul a waje, ko ya haɗa na'urar da ke mayar da datti, bai kamata kiristal ya ji ba. Ka tuna 5 MHz ɗin nan ana ninka ta sau 1368 kafin ta isa ƙwayoyin, kuma ninkawa tana ɗaga duk wata rawar taku da kusan 63 dB. Ƙari a kan haka, rawar da ke nisan 274 Hz daga siginar tana gauraya da kaɗawar 137 Hz ta faɗo cikin zagayen kulle kamar kuskuren gaske. In katangar ce ba ta ishe ka ba, shawarata ka bar A13 yadda take, ka gina bafa ta dabam a akwatinta na ƙarfe a waje, matakai biyu ko uku na bes-a-ƙasa a jere. Ka samu abin da kake so, na'urar kuma ba ta rasa asalinta ba.

Duk wannan magana ce kawai in babu awo, kuma awon bafa bai kai wuyar da ake zato ba. Raba sigina ɗaya gida biyu. Reshe ɗaya ya bi ta amfilifayar da kake gwadawa, ɗayan ya bi ta kebul, su haɗu a miksa mai daidaito biyu da tazarar digiri 90 tsakaninsu. A 5 MHz wannan tazarar nanosakan 50 ce, kusan mita 10 na kebul RG-58. Ka rage ko ka ƙara tsawo har boltejin da ke fita daga miksa ya zo sifili. Tunda mafarin ɗaya ne, rawarsa ta soke kanta, abin da ya rage na amfilifayar ne. Tace shi, ka ɗaga shi, ka tura katin sautin kwamfuta. Da wannan shirin za ka iya hura wa fanel iska mai ɗumi ka ga taku yana tafiya, ka kuma gajarce wani bakin fita ka ga ko ɗayan ya yi tsalle. Nannaɗe kebul ɗin cikin tawul don iskar ɗaki ta ƙyale shi, in ba haka ba kebul za ka auna.

Awon na'urar gaba ɗaya shi ya fi cin rai. Ma'aunin Allan na natsuwar firikwensi, wanda David Allan ya fito da shi a 1966, shi ne harshen da kowa ke ji. Sai dai 5065A mai lafiya tana yin kimanin 5×10⁻¹² a daƙiƙa 1, kuma daga daƙiƙoƙi goma zuwa 'yan dubbai takan fi yawancin osiletocin da GPS ke ja wa linzami natsuwa. In da irin wannan kaɗai kake kwatantawa, a wannan tsakanin rawar GPS ɗin kake gani, ba taka ba. Yana da amfani ga awon kwana guda zuwa sama. Ga gajeren lokaci kana bukatar kiristal mai kyau ƙwarai ko wata rubidiyom ɗin, in ka samu uku ma ka gwama su bibbiyu ka fitar da rabon kowace. Kuma kada ka yanke hukunci washegarin gyara. Kiristal da aka kashe wa tanderu yana ɗaukar kwanaki kafin ya koma hayyacinsa, kwalbar rubidiyom ma haka. Sauyi ɗaya, mako guda na awo, sannan na gaba.

Tunda masu irin wannan sha'awar ba sa tsayawa kan na'ura ɗaya, wata rana za ka ci karo da 'yar'uwarta ta siziyom, 5061A, irin wadda masana kimiyya Hafele da Keating suka ɗauki guda huɗu suka zaga duniya da su a jiragen fasinja a 1971 don gwada ka'idar Einstein. Tsarin zagayenta kusan ɗaya ne, ita ma 137 Hz, sai dai tana neman 9,192,631,770 Hz, lambar da aka ayyana daƙiƙa da ita tun 1967. Bambanci biyu ka riƙe. Siginar bututunta karent ne ƙanƙane ƙwarai daga mafari mai babbar juriya, a can shigar FET da tsabtar fanel ba zaɓi ba ne. Sannan a cikinta akwai wutar bolt 3500 ta famfon ayon da ta bolt 2500 ta mai ninka ilektiron. Ba a sa mata hannu yadda ake sa wa rubidiyom.

In ka zo cire kaya daga fanel, ka yanke ƙafafun tsohon abin tukuna in ba ka bukatarsa, ka zare su ɗaya-ɗaya, don layukan tagullar tsofaffin fanel suna ɗagowa in zafi ya daɗe a kansu. Inda layin ke da rufin zinariya, tsotse tsohuwar dalmar gaba ɗaya ka sa sabuwa, domin zinariyar da ta narke cikin dalma tana sa haɗin ya yi gautsi. Wanda ka cire da rai kuma, sa shi a ambulan ka rubuta lambar mazauninsa da kwanan wata, ka manna ambulan ɗin cikin murfin na'urar.

Yanzu dai ka kunna ta ka bar ta. Kowace safiya ka bi duk matsayin makunnin mita na gaba ka rubuta abin da allura ta nuna, musamman karent ɗin fotosel, da hamonik na biyu, da tanderu ukun. Bayan mako biyu ka aiko min da jadawalin, tare da hoton osiloskof na layukan wuta da abin da ka samu a gwajin haske da duhu na A7. In hamonik na biyun yana hawa da kansa ko da kaɗan-kaɗan ne, rubidiyom ne ke komawa mazauninsa, sai mu juya kan kwayil ɗin A13.